Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Saƙo Isa Daga Wata Kwamfuta Zuwa Wata

A ɗakin kwamfuta na makaranta, ko cibiyar rubuta jarrabawa, ko ofishin da ke da kwamfutoci goma sha a kan rauta ɗaya (na'urar da ke haɗa su tana raba musu intanet), mai kula yakan so ya tura gajeren saƙo ya fito a fuskar sauran kwamfutocin: kowa ya adana aikinsa, za a kashe janareto nan da minti biyar. Windows tana da umarnin da ke yin wannan aikin, sunansa msg. Ranar da ya ƙi, sai ka ga an fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe. A kashe katangar tsaro (firewall) gaba ɗaya, a shiga rajista (Registry, ma'ajiyar saitunan Windows) a taɓa abin da ba a fahimta ba, a kashe a kunna. Wata sa'a saƙon ya wuce, amma ba wanda zai iya cewa ga abin da ya gyara shi, kuma jibi matsalar ta dawo.

Saƙo yana da matakan da yake bi kafin ya isa: waya, adireshi, suna, ƙofa (port, lambar da saƙo ke shiga kwamfuta ta cikinta), sannan izini. Haka za mu bi shi daga ƙasa zuwa sama. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka canza abu biyu a lokaci guda. Ka canza ɗaya, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani. A misalan da ke tafe, kwamfutar da ke aikawa tana da adireshi 192.168.1.10, wadda za ta karɓa kuma 192.168.1.20, sunanta LAB-07.

Fara tabbatar da cewa umarnin da kake bugawa yana nan

Waɗanda suka koyi aiki a zamanin Windows XP sun saba da net send. Wannan umarni ya dogara ne da wata hidima mai suna Messenger, wadda ba ta da alaƙa da manhajojin hira masu irin sunan. Masu tallan banza sun gano cewa za su iya jefo saƙo ta cikinta daga intanet kai tsaye zuwa fuskar mutane, don haka Microsoft ta kashe ta tun daga tushe a Service Pack 2 na XP a 2004, ta kuma cire ta baki ɗaya daga Windows Vista. Idan kana kan Windows 7 ko 10 ko 11, net send ba zai taɓa yi ba, komai gyaran da za ka yi wa netwok ɗinka.

Wanda ya gaje shi shi ne msg, amma shi ma ba kowace Windows ke ɗauke da shi ba. Yana cikin Pro da Enterprise da Education, ba ya cikin Home. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, za ka ga irin taka. Laftof da yawa da ake saye a kasuwa da Home suke zuwa, shi ya sa wannan binciken na minti ɗaya yake ceton yini guda.

Buɗe cmd, wato tagar da ake rubuta umarni, a kwamfutar da ke aikawa, ka tura wa kanka:

msg * gwaji

In akwati ya fito da kalmar gwaji, umarnin lafiya lau yake. In aka ce maka "is not recognized as an internal or external command", Home ce gare ka. Kada ka je ka sauko da msg.exe daga wani shafin da ba ka sani ba, hanya ce da ake cusa wa mutane muguwar manhaja. Akwai mafita ga masu Home a can ƙasa.

Yanzu ka tura wa ɗaya kwamfutar, da adireshi tukuna, ba da suna ba:

msg * /server:192.168.1.20 "gwaji"

Rubuta amsar da ta fito harafi da harafi. Lambar kuskuren ita ce jagorarka. Error 1722 yana nufin ba a kai ga hidimar da ke can ba sam, wato matsalar hanya ce ko ƙofa. Error 5 yana nufin an kai, amma an hana ka shiga, wato matsalar izini ce. Error 1825 ya fi karkata ga tantance asusu. Wanda ya ga 5 zai iya tsallake maganar waya, domin saƙonsa ya riga ya isa can. Wanda ya ga 1722 ya biyo ni tun daga farko.

Waya da fitila

Leƙa bayan kwamfutar da kuma jikin suwici, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa a cikinsa. Inda wayar ta shiga akwai ƙaramar fitila. In ba ta kama ba, babu amfanin buga kowane umarni. Zare wayar ka mayar har ka ji ta yi ƙas, gwada wani rami a suwicin, sannan ka musanya ta da wayar da ka tabbatar tana aiki. Kan waya da aka matse da hannu shi ya fi ba da matsala: siraran wayoyi takwas ne a ciki, ɗaya ta kuskure wurinta sai fitila ta riƙa kamawa tana ɗaukewa. Kuma wayar netwok ba ta wuce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura. Wanda ya ja ta daga wannan gini zuwa wancan ya auna tsawonta.

In Wi-Fi ne, duba cewa su biyun suna kan sunan Wi-Fi ɗaya, kuma ba a kan layin baƙi ba. Layin baƙi an yi shi ne musamman don ya ba mutum intanet ya hana shi ganin sauran na'urori.

Adireshi, inda yawancin matsalar take kwana

A kan kowace kwamfuta ka rubuta ipconfig, ka dubi layi uku: IPv4 Address, Subnet Mask, da Default Gateway. Rubuta na kowacce a takarda, gefe da gefe.

Idan layi na biyu 255.255.255.0 ne, wanda shi ne aka fi samu a ƙananan ofisoshi, to dole kashi uku na farkon adireshin su zama iri ɗaya a kwamfutocin biyu. 192.168.1.10 da 192.168.1.20 suna tare. 192.168.1.10 da 192.168.0.20 ba sa tare, ko da a kan tebur ɗaya suke.

Abu na farko da za ka iya gani shi ne adireshin da ya fara da 169.254. Ma'anarsa kwamfutar ta nemi adireshi daga rauta ba ta samu amsa ba, sai ta raɗa wa kanta. A wurarenmu wannan yana yawan faruwa bayan an ɗauke wuta an tayar da janareto: kwamfutoci su riga rauta tashi, su yi ta tambaya ba mai amsawa. Windows takan sake nema da kanta bayan 'yan mintuna, amma ba sai ka jira ba:

ipconfig /release
ipconfig /renew

In har bayan haka 169.254 ɗin bai tafi ba, ko dai waya ce, ko an kashe rabon adireshi a rauta, ko adireshin da rauta ke rabawa sun ƙare saboda wayoyin hannu sun cika layin.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma shi ne ya fi ɓata wa mutane lokaci. Ofis ya faɗaɗa, sai aka sayo rauta ta biyu don Wi-Fi ya kai ɗaya ɗakin, aka soka wayar da ta fito daga ta farko a ramin da aka rubuta WAN. Kowa yana samun intanet, don haka ba wanda ya yi zargin komai. Amma rauta ta biyun ta kafa nata gidan daban: tana raba adireshinta, tana kuma tare duk abin da ya taso daga waje. Kwamfutar da ke bayanta za ta iya kaiwa ga waɗanda ke kan ta farko, su kuwa ba za su iya kaiwa gare ta ba. Alamarsa ita ce saƙo yana tafiya ta ɓangare ɗaya kawai, kuma Default Gateway na kwamfutocin biyu ya bambanta. Gyaransa: shiga saitin rauta ta biyu, in tana da zaɓin Access Point ka zaɓe shi. In ba ta da shi, kashe DHCP nata, wato rabon adireshi, ka ba ta adireshin da ba ya karo da na kowa a layin farko, sannan ka cire wayar daga WAN ka mayar da ita ɗaya daga ramukan LAN. Sake neman adireshi a kwamfutocin da ke bayanta.

Abu na uku shi ne kwamfutoci biyu su riƙe adireshi ɗaya, galibi saboda wani ya sa wa firinta ko kwamfutar shugaba adireshi da hannu a cikin zangon da rauta ke rabawa. Saƙo ya je yau, gobe ya ɓace. Don ka kama shi, yi ping ɗin adireshin (umarnin da ke gwada ko na'ura za ta amsa), ka rubuta arp -a, ka kwafe lambar jikin katin netwok da ta fito a gabansa. Je kan LAB-07 ka rubuta ipconfig /all ka kwatanta da Physical Address. In sun saɓa, wata na'ura ce ke amsawa a madadinta.

Kafin ka bar nan, duba ko akwai VPN, manhajar da ke bi da zirga-zirgar kwamfuta ta wata saba, a kunne a ɗayansu. Wasu suna kwashe duk zirga-zirgar kwamfuta su bi da ita waje, har da ta cikin gida. Kashe shi ka sake gwadawa.

Yadda ake karanta amsar ping

Daga kwamfutar da ke aikawa, fara da rauta, wato adireshin da ka gani a Default Gateway:

ping 192.168.1.1

In rauta ta amsa, waya da katinka lafiya suke. Sai ka wuce:

ping 192.168.1.20

Amsa uku ake samu, kuma kowacce da inda take nunawa. "Reply from 192.168.1.20" tare da lokacin da ya ɗauka: hanya a buɗe take, wuce gaba. "Destination host unreachable": an yi cigiyar mai adireshin a cikin layin ba a same shi ba. Lura da kyau, wannan amsar ma da "Reply from" take farawa, amma adireshin da ke biye naka ne ko na rauta, kuma lissafin ƙarshe zai iya nuna babu abin da ya ɓace. Mutane da yawa suna ganin haka su ɗauka an yi nasara. Kwamfutar a kashe take, ko ta yi barci, ko adireshinta ya canza, ko rauta na raba tsakanin masu Wi-Fi. Wannan na ƙarshen ana samunsa a saitin rauta da suna AP Isolation ko Client Isolation, har a wasu ƙananan na'urorin MiFi. Kashe shi.

Ta uku ita ce "Request timed out", kuma ita ce ke yaudara. Kamar ka yi sallama ne a ƙofar gida ka ji shiru: ba lallai ba ne babu kowa a ciki. Katangar tsaron Windows takan ƙi amsa ping, musamman idan ta ɗauki netwok ɗin a matsayin na bainar jama'a. Nan take ka rubuta arp -a. In adireshin ya fito da lambar kati a gabansa, kwamfutar tana nan a raye, katanga ce ta yi shiru. Wannan ɗan binciken ya raba matsalar hanya da matsalar katanga, kuma bai kai minti ɗaya ba.

Ka yi ping ta ɓangaren biyu. Abin da ya yi daga nan zuwa can ba dole ne ya yi daga can zuwa nan ba.

Suna

In adireshi ya yi amma suna ya ƙi, netwok ɗinka ba shi da laifi. Je kan mai karɓa ka rubuta hostname don ka ga ainihin sunanta, ba wanda aka manna a jikinta ba. Koma ka yi ping LAB-07, ka dubi adireshin da ya fito. In tsohon adireshi ne, rubuta ipconfig /flushdns ka sake. Riƙe sunaye gajeru, kada su wuce harafi 15, domin tsohon tsarin NetBIOS yana yanke abin da ya wuce haka. Inda aka kwafi Windows ɗaya aka zuba wa kwamfutoci ashirin, duba ko an canza wa kowacce suna. Sau da yawa ana mantawa.

Ƙofa da katanga

Umarnin msg yana tafiya ne ta tsarin RPC, wanda ke barin wata kwamfuta ta ba wata umarni daga nesa, kuma ƙofar da ya fi buƙata a buɗe ita ce 445, wadda raba fayil da firinta ke amfani da ita. Buɗe PowerShell, wata tagar umarni ta Windows, a kwamfutar da ke aikawa:

Test-NetConnection 192.168.1.20 -Port 445

Dubi layin TcpTestSucceeded. In True ne, ƙofa a buɗe take. In False ne, aikin yana kan mai karɓa. Gwada 135 ma haka nan, ita ce ƙofar da RPC ke karɓar tambaya.

A kan mai karɓa, fara duba yadda Windows ta ɗauki netwok ɗin, a PowerShell:

Get-NetConnectionProfile

In ka ga Public a gaban NetworkCategory, ka kama ɓarawon. Windows tana rufe kusan komai a wannan yanayi, kuma tana da gaskiya, domin an yi shi ne don otal da filin jirgi. Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da aka canza rauta ko sunan Wi-Fi, Windows tana ɗaukarsa sabon wuri ta mayar da shi Public ba tare da kowa ya lura ba. Canza shi zuwa Private daga Settings, ƙarƙashin Network & Internet, a bayanan layin da kake kai. Sannan ka shiga Advanced sharing settings ka kunna File and printer sharing a ɓangaren Private kaɗai. Sake gwada ƙofar.

In har yanzu a rufe take, duba ko akwai manhajar riga-kafi da ta zo da tata katangar. Ita ke da iko a lokacin, ba ta Windows ba, kuma a cikinta za ka nuna cewa wannan netwok amintacce ne.

Za ka iya kashe katanga na minti ɗaya don gwaji, in ka cire layin intanet tukuna. Amma kada ka bar ta a kashe ka ce ka gyara. Ta ƙofar 445 ɗin nan ce WannaCry ta yaɗu a watan Mayun 2017, ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila. Buɗe ta ga 'yan cikin layinka kawai, kuma ko da wasa kada ka tura ta waje daga saitin rauta.

Izini: maganin Error 5

Hanya ta buɗe, ƙofa ta buɗe, saura a yarda da kai. Abu biyu ne a nan.

Na farko, dole mai karɓa ta amince a yi mata irin wannan magana daga nesa. A kan LAB-07, buɗe cmd da ikon shugaba, wato Run as administrator, ka rubuta wannan a layi ɗaya:

reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Terminal Server" /v AllowRemoteRPC /t REG_DWORD /d 1 /f

Kashe ta ka kunna. A kan mai karɓa ake yin wannan, ba a kan mai aikawa ba. In kana so kwamfutoci ashirin su karɓi saƙo, sai ka yi wa ashirin ɗin.

Na biyu, dole ta san ko kai wane ne. A ofishin da ke da sabar domain, wato babbar kwamfutar da ke riƙe asusun kowa, asusun shugaba ya wadatar. Sai dai ka duba agogo: tsarin Kerberos da ke tantance asusu ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5, kuma tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirinta na CR2032 ya mutu takan tashi da kwanan watan shekarun baya duk lokacin da wuta ta ɗauke. Canza batirin, kuɗinsa kaɗan ne.

Inda babu domain, kowace kwamfuta asusunta kawai ta sani. Gwada ko za ta karɓe ka:

net use \\192.168.1.20\IPC$ /user:LAB-07\malam *

A nan malam sunan wani asusu ne a LAB-07, za ta nemi kalmar sirrinsa. System error 53 na nufin har yanzu hanya ce ko ƙofa, koma baya. 1326 na nufin suna ko kalmar sirri ba daidai ba. 1219 na nufin akwai tsohuwar haɗuwa da wani asusu, goge ta da net use * /delete ka sake. In asusun ba shi da kalmar sirri sam, Windows ba za ta bari a shigo da shi ta netwok ba, haka aka tsara ta. Sa masa kalmar sirri, kada ka je neman yadda ake kashe wannan kariya.

Da ya karɓa, adana bayanan don msg ya riƙa amfani da su:

cmdkey /add:192.168.1.20 /user:LAB-07\malam /pass

In da suna za ka riƙa turawa, sai ka adana da sunan ma, domin Windows tana ɗaukar suna da adireshi a matsayin wurare biyu.

Wani lokaci duk wannan ya yi amma Error 5 na nan. Dalili shi ne, Windows tana rage wa asusun shugaba na cikin kwamfuta ƙarfi idan ya shigo ta netwok. Ana ɗage wannan da ƙimar LocalAccountTokenFilterPolicy a rajista, a sa mata 1, ƙarƙashin HKLM\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\System. Ni ba na son a yi shi sai an rasa yadda za a yi. Idan kwamfutocinka duka kalmar sirri ɗaya gare su, wanda ya samu ta ɗaya ya samu ikon duka daga inda yake zaune. In dole ne, kowace kwamfuta ta samu tata kalmar daban, kuma ɗalibai ko baƙi kada su zauna a kan asusun shugaba.

An ce ya tafi, amma ba a gani ba

Umarnin msg mutum yake aika wa, ba ƙarfe ba. In ba wanda ya shiga asusunsa a LAB-07, za a ce maka "does not exist or is disconnected". Duba da query session /server:192.168.1.20, ka nemi wanda ke Active. Sannan saƙon yana ɓacewa da kansa bayan daƙiƙa 60, wanda ya fita alwala ba zai tarar da shi ba. Ƙara masa lokaci:

msg * /server:192.168.1.20 /time:600 "A adana aiki"

In ka ƙara /v za ka ga abin da ke gudana, /w kuma zai sa umarnin ya jira har sai an danna OK a can. Kwamfutar da ta yi barci ba ta karɓar komai, kuma ba a ajiye mata saƙon sai ta farka.

Ga masu Windows Home

Ƙaramar manhaja irin IP Messenger tana yin wannan aikin ba tare da rajista ko asusu ba. Ana sa ta a kowace kwamfuta, tana amfani da ƙofa 2425 ta TCP da UDP, kuma tana gano 'yan uwanta ne ta hanyar yin shela a cikin layin. Shelar ba ta tsallake rauta, don haka duk abin da aka faɗa kan rauta biyu da layin baƙi da Public ya shafe ta. In wata kwamfuta ba ta fito a jerin ba, duba ko an danna Cancel ranar da katangar Windows ta tambaya ko a bar manhajar ta yi magana. Ana gyara wannan a Allow an app through firewall.

Da saƙon ya fara isa, shiga rauta ka ɗaure wa kowace kwamfuta adireshinta a ɓangaren Address Reservation, don kada ya canza bayan ɗauke wuta. Sa rauta da suwici a kan ƙaramin UPS, su ba sa cin wuta sosai. Sannan ka buga takarda ɗaya mai ɗauke da sunan kowace kwamfuta, adireshinta, irin Windows ɗinta, da canjin da ka yi mata a rajista, ka ajiye kwafi a inda wanda zai karɓe ka aiki zai same shi.